Tsoron Allah ko idon jama'a: me ke hana mutum cin amana?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka, shirinmu na wannan mako ya taɓo muhawarar da aka daɗe ana yi a duniya: shin sai da addini mutum ke zama na kirki, ko wanda bai yarda da samuwar Allah ba shi ma zai iya riƙe amana? Kada ka ce wannan zancen 'yan boko ne. Kai da ke ba dillali sanuwarka a kasuwar Maigatari, ko ka miƙa wa ɗan canji sefa a Ƙonni ka karɓi naira a Illela ba tare da takarda ba, maganar taka ce.

Bari mu fara da makiyaya biyu. Aflaton, masanin ƙasar Girka, ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe, in ya juya shi a yatsa sai ya ɓace wa idon mutane. Da ya tabbata ba mai ganinsa, sai ya kashe sarki ya haye gadon sarauta. Mai kawo labarin yana nufin mutane na yin gaskiya ne don tsoron a kama su.

Na biyu a littattafan Musulunci yake. An ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya gwada wani bawa mai kiwo, ya ce ya sayar masa da tunkiya ɗaya, in ubangidansa ya tambaya ya ce kyarkeci ya cinye. Makiyayin ya ƙi, ya tuna masa cewa in ubangida bai gani ba, Allah na gani. To, nan hujjar masu addini take. A dokar daji babu ɗan sanda, babu alƙali, babu jami'in kwastan, amma mai imani bai taɓa zama shi kaɗai ba. Sun ce kuma addini ya yanke abin da ke halal da haram, bai bar wa son zuciya ba. Sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifin, da gargaɗin masu tauye mudu ta fara.

Su kuma waɗanda ba su yarda da addini ba, ga tasu. Sun ce tausayi da kunya da sanin ya kamata a cikin ɗan Adam suke, kuma wanda ya bar sata don ya san zafin da mai kaya zai ji ya fi wanda ya bari don tsoron azaba. Suna nuna ƙasashe irin Denmak da Suwidin, inda masu zuwa wurin ibada ba su da yawa, amma cin hanci ya yi ƙaranci. A 2019 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasashe 40 da jakar kuɗi sama da 17,000, aka kai su bankuna da otal-otal da ofisoshi kamar tsintuwa. Abin mamaki, jakar da ke da kuɗi ta fi wadda babu kuɗi komawa hannun mai ita.

Masu addini na amsawa da cewa ai wannan tausayin Allah ne ya dasa shi, kuma waɗancan ƙasashe ƙarnuka suka yi cikin tarbiyyar Kiristanci. Ɗaya ɓangaren kuma su ce, to me ya sa ake samun mai carbi a hannu yana zuba wa madara ruwa?

Ka duba gida, za ka ga abin ba igiya ɗaya ke riƙe da shi ba. Habbanaye na Fulani, inda ake ba wanda ya rasa dabbobi aron karsana har ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar, ba kotu ke tsare shi ba. Pulaaku ne, wato kunya da haƙuri da hankali, ga kuma tsoron Allah. Haka abin yake a da a unguwar Sabo ta Ibadan: mahauta kan ɗauki shanun Arewa bashi, maigida ya tsaya wa baƙonsa, don in kuɗi suka nutse sunansa ya nutse, fatake su koma gidan wani.

Saboda haka, ɗan'uwa, imani na gaskiya birki ne mai ƙarfi a inda ido bai kai ba, amma a zuciya yake, kai kuwa ba ka ganin zuciya. Kada rawani ko yawan rantsuwa su sa ka saki dukiyarka. Tambayi waɗanda suka taɓa ciniki da mutum. Kada kuma ka ɗauka wanda ba addininku ɗaya ba mayaudari ne. Ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In addini da kansa ya ce a rubuta, to ba rashin yarda ba ne ka nemi takarda da shaidu biyu kafin ka saki igiya.