Ƙunci Uban Dabara

'Yan'uwa ɗalibai, waɗansu suna cewa mai fasaha ba ya son a yi masa iyaka. Ni kuwa ban yarda ba. Ku dubi Dragon Quest, wasan kwamfuta da aka fitar a Japan cikin 1986, inda mai wasa ya ke zama jarumin labari. Ma'ajiyarsa kilobayit 64 ce kurum. Saboda haka Yuji Horii ya ɗebi haruffa 20 tak daga rubutunsu na katakana, da su aka raɗa wa dodanni suna. Watau ƙunci ne ya haifi dabara. To, in mun fita koyarwa, kada mu ce wa yaro, "Zana kome." Mu ba shi launi biyu, mu gani.