Yadda Ake Gano Na'urar da Ke Cika Rajistar Kwamfutar Ajiya

A ofisoshi da yawa akan keɓe kwamfuta guda don ajiye fayiloli, sauran kwamfutoci suna zuwa ɗauka daga gare ta. Duk wadda ta zo, sai a rubuta zuwanta a rajista, da lokaci, da lambarta. To, wani lokaci akan wayi gari a tarar rajistar nan ta cika da dubban layuka iri ɗaya. Wannan ba ƙaramin lahani ba ne, gama in wurin ajiya ya cika aiki ya tsaya, sawun ɓarawo kuma yakan ɓace cikin sawun jama'a.

Kada malamin da ke lura da ita ya yi gaggawar share rajista. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya ƙidaya layukan bisa lambar adireshi, watau IP. Galibi zai ga lamba ɗaya ce ta kwashe mafi yawansu. In da Samba ake aiki, umurnin smbstatus yana nuna waɗanda ke haɗe a sa'ar nan. In Windows ce, shigar da aka yarda da ita tana ɗauke da lamba 4624, wadda aka ƙi kuwa 4625.

Sa'an nan ya dubi tazarar lokaci, don nan ne asirin yakan tonu. Ɗan Adam ba ya zuwa bayan kowane minti ɗaya daidai, dare da rana, har ranar Lahadi. In tazarar ba ta sākewa, lalle na'ura ce. Sau da yawa injin ɗaukar hoton takardu ne, an sake kalmar sirri ba a sa masa sabuwar ba, yana ta maimaita tsohuwa. Ko kuwa manhajar sa ido ce, ta taɓa ƙofa ta 445 ta juya ba ta nemi kome ba.

Da yake lambar IP takan sauya, sai ya nemo lambar MAC a jadawalin DHCP, ya bi waya har ɗakin da na'urar take.

Amma fa in ya ga na'ura ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 445 a kwamfutocin ofis duka, wannan alamar cuta ce. Ta wannan ƙofa WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150 cikin Mayu 1917 da shekara ɗari, watau 2017. Sai ya zare wayarta nan take, ya adana rajistar, ya sanar da Hakimi a rubuce.