Shawara Ga Masu Shiga Habasha A Kan Babur

Da yawa daga cikin yaranmu na Sinja da Mai Wurno sun koma hawan babur in za su duba farashin shanu a Matamma ko Gondar, domin ya fi lori sauri, kuma ya fi shi arha. (Na ce babur irin na Hausar gida, watau abin da muke kira motar a nan, kada wani ya zaci injin ban-ruwa nake nufi.) To, ga abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya buga kafa.

Da farko dai a tambayi labarin hanya. Mu kanmu mun ga abin da ya sami Sinja daga ƙarshen Yunin 2024 har zuwa Nuwamba da soja suka karɓe ta. Can ma jihar Amhara, inda Matamma da Gondar suke, rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Fano da gwamnati a 2023, har aka rufe mashigar Gallabat na wani lokaci a 2024. Saboda haka kada ka dogara da labarin wanda ya dawo watan jiya. Nemi direban da ya shigo Gadarif shekaranjiya, in ya ce ka dakata, ka dakata.

Hanya biyu ce zuwa Gadarif. Akwai ta kwalta, ka bi Sannar da Madani da Fau, doguwa ce amma ba ta da damuna ba ta da rani. Akwai kuma ta yanke, ka haye gada ka nufi Dindir da Hawata. Wannan ta rani ce kawai. Baƙar ƙasar nan tamu kowa ya san halinta, daga Yuni zuwa Oktoba ruwa ɗaya ya isa ta zama tamkar danƙo, ta cushe tsakanin taya da madigadi har gaba ta ƙi juyawa. Ni kaina na taɓa kwana a gindin aduwa ina ƙwaƙular laka da tsinke, alhali garin da zan je ina hangen wutarsa. Daga Gadarif kuma sai Doka, sai Gallabat, wajen kilomita 150. Ɗan rafi ne da gada tsakaninta da Matamma.

Maganar aduwa ta tuna mini. Dazukan Gadarif da Matamma gidan kala-azar ne, ɗan mitsitsin ƙudan da ke kawo cutar yana zama a wuraren aduwa da farar ƙaya da tsagar ƙasa, da dare yake cizo. Tafi da gidan sauro mai ƙananan idanu, in kuma zazzaɓi ya wuce mako biyu bayan ka dawo, ka faɗa wa likita inda ka kwana.

Takardu: fasfo da biza, katin allurar shawara, lasin tuƙi, da takardar mallakar babur. In sunan wanka ko ubangidanka ne a kai, ka riƙe takardar wakilci mai hatimi, in ba haka ba jamarik za su riƙe babur ɗin, ka koma a ƙasa. Takardar shigar da za su ba ka a Matamma ita za su nema ranar fita, a ajiye ta cikin leda.

Daga Matamma zuwa Gondar wajen kilomita 180 ne, amma hawa ne, domin Gondar ta haura mita 2,000 a sama. Iska ta yi ƙaranci a can, sai ka ji Boxer ɗinka ya yi sanyi yana baƙin hayaƙi. Ba lalacewa ya yi ba, kada ka bar bakanike ya kwance maka inji. Wanke filtar iska, ka hau da ƙaramin giya. A gangara ma ka sauko da giya, domin wanda ya danne birki tun daga Aikel zai ji ya ɗau zafi ya daina kamawa a daidai kwanar da ake bukatarsa. Riƙe tiyub biyu da famfo da fulogi da wayar kuloci, da jarkar fetur, sannan rigar sanyi. Kada a yi tafiyar dare.

Sai lissafin lokaci, wanda ya sha jawo wa mutanenmu asara. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, kuma daga fitowar rana suke fara ƙirga. In dillali ya ce ku haɗu a kara ƙarfe biyu, takwas na safe yake nufi, bakwai a agogon Sinja. Watanninsu 13 ne, kuma a Satumbar 2024 suka shiga shekarar 2017, don haka a duba kwanan watan da aka rubuta a rasit da takardar bashi. Kiristocinsu suna azumin kwana 55 ba cin nama kafin sallarsu ta Fasika, kasuwa takan kwanta, in sallar ta matso kuma sa ya yi tsada.

Bankak ba ta aiki a can. Canji kuɗinka zuwa bir, ka raba shi gida uku a jikinka. Nama kuwa, mahautan Musulmi dabam suke, za ka ga alamar jinjirin wata a ƙofar rumfa.