Silo da Cok: Gano Inda Matsala Take a Motoci Masu Kafireto

Tun daga shekarar 1975 da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, motar 504 ta zama abin hawan ma'aikata da direbobin haya, kuma har yau akwai waɗanda ke ɗaukar fasinja da kaya a kan hanyoyin karkara, duk da cewa sababbin motoci sun koma amfani da injekta. Mafi yawan waɗannan tsofaffin motoci da kafireto suke aiki, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, inda ake bukatar nauyin iskar ya ninka na fetur kusan sau 14.7 domin ƙonewa ta kammala. Mafi yawan ƙorafin da ake kai wa kanikawa a kan wannan na'ura bai wuce na silo da cok ba.

Silo shi ne juyin da injin yake yi sa'ad da mota take tsaye, ƙafa kuma ba ta kan totur, wanda a irin waɗannan motoci yakan kama daga juyi 800 zuwa 900 a minti ɗaya, kuma fetur ɗin da ke riƙe da shi yana bi ne ta wata 'yar ƙaramar kafa da ake kira jet ɗin silo. Cok kuwa faifai ne da ke bakin kafireto, wanda idan aka rufe shi yakan rage iska domin fetur ya yawaita, saboda fetur ba ya saurin zama tururi a cikin injin da ya kwana da sanyi, kamar yadda direbobin Jos da Kano suka sani a asubahin hunturu. Wani cok ɗin da waya ake jan sa, wani kuma yana buɗe kansa ta hanyar wani naɗaɗɗen ƙarfe da ke warwarewa idan ya ji zafi.

Mabuɗin gano cutar shi ne a lura da lokacin da take bayyana. Idan mota tana wuyar tashi da safe amma ta daidaita bayan ta yi zafi, to cok ne ba ya rufuwa, kuma cire murfin matatar iska zai nuna ko faifan ya maƙale ko wayarsa ta saki. Idan kuma ta tashi lafiya, sannan bayan ta yi zafi ta shiga fitar da baƙin hayaƙi ta salansa, tana shan mai, fulogi kuma suka yi baƙi ƙirin da kunkunniya, to cok ɗin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko kuma allurar da ke tsayar da mai a kwanon kafireto ta daina rufewa har mai yana ambaliya.

Alamar da ta fi ruɗar da mutane ita ce motar da ba ta tsayawa a silo sai an ja mata cok ko da ta yi zafi. A nan cok ba shi da laifi, rufa asirin wata matsalar kawai yake yi, domin injin yana fama da ƙarancin mai ko yawan iska. Sau da yawa datti ko ruwa daga man bumburutu ne ya toshe jet ɗin silo, wanda ake kwancewa a wanke a hure shi da iska, ba a tsokale shi da waya ba, domin waya tana faɗaɗa kafar har abada. Idan jet ɗin a buɗe yake, sai a nemi inda iska ke kutsawa, ko ta gasket ɗin gindin kafireto, ko ta robar da ta tsage, ko ta sandar totur da ta cinye mazauninta. Fesa ɗan maganin wanke kafireto a wurin, nesa da wuta, yakan sauya ƙarar injin nan take idan akwai kafa.

Sai bayan an kawar da waɗannan, an kuma tabbatar da lafiyar fulogi da kwantak da taimin, ya kamata a taɓa notunan saiti guda biyu, injin yana da zafi, cok kuma a buɗe. Ana juya na gauraya mai kaɗan-kaɗan har a sami juyi mafi santsi, sannan a daidaita yawan juyin da na silo, kuma ba a ɗaure na farkon da ƙarfi, saboda tsininsa yana lalacewa. Wanda ya fara da ɗaga silo ya ɓoye cutar ne, zai kuma ci gaba da biyan kuɗinta a gidan mai, alhali bin wannan tsari daki-daki yakan nuna cewa abin da ya tsayar da motar bai wuce ƙwayar datti ko robar da ta tsage ba.