Tenere: Hanyar tseren motoci da ta koma hanyar 'yan ci-rani

A Madarunfa, matashin da ke son nuna gwanintar tuƙi ba ya buƙatar fili na musamman. Ranar kai amarya ta ishe shi: ya juya mota a tsakiyar titi, ƙura ta tashi, yara su bi da ihu, iyaye su riƙa salati. Yawancinsu ba su san cewa ƙasar nan tamu ta taɓa zama cibiyar tseren motoci mafi shahara a duniya ba. Ni ma da nake rubuta wannan, labarinsa na taras.

Filin tseren ba mai katanga ba ne. Hamadar Tenere ce, tun daga Agadas har zuwa Dirku da Bilma.

Labarin ya faro ne da ɓatan kai. A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa a hamadar da ke iyakar Nijar da Libiya, lokacin wata gasa da ta taso daga Abidjan zuwa birnin Nice na Faransa. Da aka ceto shi, maimakon ya ce ya tuba, sai ya koma gida ya shirya tasa gasar. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Agadas da Yamai, sannan suka bi ta Mali zuwa Dakar. Guda 74 kaɗai suka kai. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan babur Yamaha yake.

A 1983 ne aka fara kutsawa cikin Tenere sosai, kuma a shekarar wata guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40. Sabine ya kwashe kwanaki yana shawagi a sama har aka tattaro su. Wannan tashin hankalin shi ya ƙara wa gasar suna a gidajen talabijin na Turai. Tun daga nan Agadas ta zama zango: jiragen sama, makanikai, 'yan jarida, likitoci, duk a sauke su a garin na 'yan kwanaki. Masu gidajen saukar baƙi, maƙeran azurfa da Abzinawan da suka san hamada kamar tafin hannunsu, kowa ya samu rabonsa. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa a yau, yana cikin waɗanda suka yi aiki da masu shirya gasar ta kamfaninsa na yawon buɗe ido.

Sabine bai daɗe ba. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali, ya mutu tare da mawaƙi Daniel Balavoine da wasu mutum uku. An watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a Tenere.

Sai dai ba kowa ya ga alherin gasar ba. Motocin kan ratsa ƙauyuka da gudun da mutanen wurin ba su taɓa gani ba, kuma an sha kaɗe mutane. Ko a 2006 yara biyu sun mutu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Sunayen direbobin da suka rasu suna nan a rubuce, amma na mutanen ƙauye sai an tona.

Rashin tsaro ne ya raba gasar da Nijar. Tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 ya rufe arewa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995, gasar ta dawo a 1997, aka je Agadas daga Dakar aka koma. A Janairun 2000 kuwa, da ayarin ya iso Yamai, sai aka samu gargaɗin cewa za a kai masa hari a arewa. Aka loda motocin a manyan jiragen dakon kaya samfurin Antonov, aka tsallaka da su zuwa Sabha a Libiya. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙasar Nijar ba. An soke ta baki ɗaya a 2008 bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Moritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Har yanzu sunanta Dakar, duk da ta yi shekaru ba ta ga Dakar ba.

Hanyar kuwa ba ta mutu ba, fasinjojinta ne suka sauya. Yau motocin Hilux ne ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da Libiya, maƙare da matasa, kowa ya rungume sandar da aka kafa a gefen mota don kada ya faɗo, jarkar ruwa ɗaure a ƙasa. Direbobi da masu jagora da dama sun koma wannan sana'a ne bayan masu yawon buɗe ido sun daina zuwa. Dokar 2015 ta haramta safarar bakin haure, abin da ya sa direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'an tsaro suna bin hanyoyi mafi haɗari. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Ga mutanen Maraɗi da Damagaram, wannan ba labarin nesa ba ne. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance, gabas da mu. Ƙishirwa ce ta kashe su. 'Yan tseren da suka ɓace a 1983 suna da jirgin da ke nemansu tun daga ranar farko. Su waɗannan sai bayan kwanaki da yawa aka kai gare su, aka binne su a inda aka same su.