Doki da Linzami: Majalisar Lafiya da Mas'alar Tsaro da Muhallin Talaka

Duk wanda ya bi hanyar Shendam a garin Lafiya da hantsi, ranar da Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa take zama, in Allah ya sa ya sami shiga wurin da aka keɓe wa 'yan kallo, zai ga an shigo da sandar majalisa a kafaɗa, Kakaki yana biye da ita, wakilai sun miƙe tsaye cikin ladabi har sai an ɗora ta a mazauninta an yi addu'a, sa'an nan a buɗe zama. Mutum 24 ne a wannan zaure, wato mafi ƙarancin adadin da sashe na 91 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda wa majalisar jiha, amma a wuyansu aka rataya amanar ƙananan hukumomi 13, tun daga Toto har Awe, da jama'ar da ƙidayar 2006 ta nuna sun haura miliyan ɗaya da dubu 800, waɗanda kuwa suka ƙaru ƙwarai daga wancan lokaci zuwa yau. Ba safai talaka yakan taka wannan wuri ba, alhali kuwa ruwan da zai sha, da ɗakin da zai kwana, da hanyar da zai bi ya je gona ya dawo da ransa, duk suna da igiyar da aka ɗaure a nan.

Mas'alar da ta fi kowace ɗaukar hankali a majalisun ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan ita ce ta 'yan sandan jiha. Sashe na 214 na Tsarin Mulkin da sojoji suka miƙa a 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga Nijeriya baki ɗaya, ya kuma haramta kafa wata bayanta. Gyaran irin wannan sashe kuwa ba ya tabbata da yardar Majalisar Tarayya kaɗai, domin sashe na 9 ya shar'anta cewa bayan kashi biyu cikin uku na sanatoci da na wakilai sun amince, sai majalisun jihohi aƙalla 24 daga cikin 36 sun sa hannu. Saboda haka tun da Shugaba Bola Tinubu ya tattauna da gwamnoni a kan wannan batu a watan Fabrairun 2024, zancen ya zama na Lafiya kamar yadda yake na Abuja, kuma a wannan ma'auni ƙuri'ar majalisar Nasarawa mai mutum 24 daidai take da ta Kano ko ta Legas masu mutum arba'in-arba'in.

Wajibi ne mai neman fahimtar wannan muhawara ya waiwayi baya, don ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana abin da ake magana a kansa. A zamanin En'e, lokacin da Lafiyar Barebari take cikin Lardin Binuwai, dogarai da 'yan doka ne ke kiyaye gari a ƙarƙashin sarki da majalisarsa, kuma fa'idarsu ba ta ɓuya ba, domin ɗan doka ɗan gari ne, ya san gidan kowa, ya san baƙon da ya sauka jiya da wanda ya saukar da shi. Amma da siyasar jam'iyyu ta shigo, sai aka riƙa kuka a sassa da dama na Arewa cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen musguna wa 'yan hamayya, musamman mabiya jam'iyyar NEPU. Tun a watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin neman a gyara tsarin En'e domin talaka ya sami baki a cikin mulkinsa, hukumar Willink kuma, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a rahotonta na 1958 cewa ragamar 'yan sanda ta zauna a hannun Tarayya. Bayan juyin mulkin 1966 ne sojoji suka narkar da 'yan doka cikin runduna ɗaya. Ashe ke nan maganin wata cuta aka sha, sai dai yau ana kokawa da abin da maganin ya haifar.

Abin da ya haifar kuwa shi ne gwamna da ake kira shugaban tsaron jiharsa, wanda sashe na 215 ya ba shi damar bai wa Kwamishinan 'yan sanda umarni, amma ya bar wa Kwamishinan ƙofar cewa a fara kai maganar gaban Shugaban Ƙasa ko ministansa. Jiha takan sayi motocin sintiri da kuɗin baitulmalinta, ta zuba mai, ta gyara ofisoshi, amma naɗi da canji da ladabtarwa duk suna Abuja. Mutanen Nasarawa kuwa ba labari aka ba su game da tsadar rashin tsaro ba. A ranar 7 ga Mayun 2013, a ƙauyen Alakyo da ke kusa da Lafiya, jami'an tsaro fiye da 60 suka rasa rayukansu a rikicin ƙungiyar Ombatse, musibar da har yanzu ba ta bar zukatan marayu da matan da aka bari ba. Daga 2017 kuma, da jihar Binuwai ta zartar da dokar hana kiwo a fili, makiyaya da dama suka kwararo wajen Awe da Keana da Doma da Obi, aka yi ta samun tashin hankali tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar da doya da riɗi da shinkafa suke ciyar da gari. Majalisa ta yi dokar hukunta masu garkuwa da mutane, wadda Gwamna Abdullahi Sule ya rattaba wa hannu a 2020, sai dai hannun da zai kama mai laifin ba a ƙarƙashinta yake ba.

A cikin wannan giɓi ne talaka ya nemi wa kansa mafita. Wanda ya kwana a unguwanni irin su Bukan Sidi ko Tudun Gwandara ko Shinge ya san ƙarar usur ɗin 'yan banga bayan dare ya raba, ya san hasken tocila da ke bin gindin katanga, ya kuma san littafin da ake zagayawa da shi gida gida a ƙarshen wata ana karɓar kuɗin sintiri, mai shago ya ba da nasa, bazawara mai tuyar ƙosai ta kwance bakin zane ta ba da nata. Wasu jihohin sun ɗauki wannan al'ada sun sa mata riga ta hukuma: jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024. Masu goyon bayan 'yan sandan jiha suna kafa hujja da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Masu tsoro kuma suna tuna zamanin 'yan doka, suna tambaya: a jihar da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Mada da Tibi da Fulani da Hausawa da Barebari suke zaune tare, wa zai lamunce cewa bindigar da aka saya da harajin kowa ba za ta zama ta wani ɓangare ba, ko ta mai mulki ranar zaɓe? Wannan ma tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a yi wa mai ita kallon maƙiyin ci gaba ba.

Abin da nake gani, Allah ne masani, shi ne cewa rundunar jiha ingarman doki ce, mahayinta gwamna, linzaminta kuwa majalisa, kuma mai hankali yakan duba linzami kafin ya sa ƙafa a likkafa. Tsarin Mulki bai bar majalisa hannu rabbana ba. Sashe na 120 ya hana a taɓa ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar da ta zartar, sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi ya kai mata rahotonsa, sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani bisa rantsuwa, sashe na 100 kuma ya ce in gwamna ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu cikin uku na wakilai suna iya tabbatar da ita ba tare da shi ba. Wannan shi ne muhasabar da malaman siyasar Shari'a suka daɗe suna jaddadawa, tun daga nasihar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa har zuwa Liya'ul Hukkami na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, domin iko amana ne, amana kuwa ba ta tsira sai akwai mai tambayar ta.

Majalisar Lafiya ta taɓa nuna cewa tana da haƙora. A watan Yulin 2014 wakilai 20 daga cikin 24 suka sa hannu a takardar neman tsige Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, kwamitin mutum bakwai da Babban Jojin jiha ya naɗa kuma ya yi watsi da tuhumar a watan Agusta. A watan Yunin 2023 kuma majalisar ta dare biyu, aka wayi gari da Kakaki biyu, Ibrahim Balarabe Abdullahi da Daniel Ogazi, kafin ƙura ta lafa, daga baya a ƙarshen shekarar ragama ta koma hannun Danladi Jatau. Ba nufina in raba gardama a kan wanda ya yi daidai a waɗancan ranaku ba. Abin lura shi ne lokutan da idon ƙasa ya fi komawa kan zauren, galibi a kan kujera aka yi su, kuma burin mai ƙaunar jihar shi ne ya ga rabin wannan himma an juya ta ga tambayar inda aka kwana a kan kuɗin asibiti da na famfo da na makaranta.

Mas'alar muhalli ma'auni ce mai kyau ta gane ko linzami yana aiki, domin a nan babu uzurin cewa iko yana Abuja. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha ga gwamna bisa amana, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Legas ta kai, cewa tsara gari haƙƙin jihohi ne. Tun da Janar Sani Abacha ya cire Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoban 1996, Lafiya ta tashi daga hedikwatar ƙaramar hukuma ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo, Jami'ar Tarayya ta biyo baya a 2011 da ɗalibanta da malamanta, gonakin jiya suka zama fuloti. A can Karu da Mararaba da Masaka kuwa, dubban ma'aikatan Abuja ne ke kwana saboda hayar birnin ta fi ƙarfinsu, su tashi da asuba su cika hanyar Keffi. Inda aka yi gini kafin a fitar da layi, babu magudanar ruwa, babu fitilar titi, motar sintiri ba ta iya shiga lungu, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, kuma babu abin da zai hana wakilan Lafiya su zauna su auna irin wadda ta dace da aljihun mutanensu, su kuma sauƙaƙa hanyar samun takardar mallakar fili don magidanci ya gina ɗakinsa hankalinsa kwance.

Haka nan sha'anin ruwa. A watan Maris, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, za ka ga ɗan garuwa da sassafe yana tura kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatsen wani mai hali, gumi ya jiƙa masa riga, uwargida tana bakin ƙofa tana lissafin jarka nawa za ta ishe ta girki da wanki da alwala, yarinyar da ya kamata ta kasance a aji kuma tana layi da bokiti a ka. Malaman Usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun ƙidaya larurori biyar da Shari'a ta zo don kiyayewa, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma duk mai nazari zai ga cewa ruwa mai tsabta da ɗaki mai rufi da asibiti mai magani suna cikin kiyaye rai kamar yadda ɗan sanda yake ciki. Tsarin Mulki ma ya haɗa su, domin sashe na 14 ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa hukuma, sashe na 16 kuma ya ambaci muhalli da abinci, sai dai sashe na 6 ya rufe ƙofar kotu ga mai son kai ƙara a kan waɗannan alkawura. Tun da alƙali ba zai saurari wannan ƙara ba, ƙofar da ta rage wa talaka ita ce ta wakilinsa.

Saboda haka roƙona ga wakilanmu shi ne duk ranar da za su tattauna rundunar jiha, ko wajen amincewa da gyara ko wajen rubuta dokar da za ta tafiyar da ita, su fara da sharuɗɗan linzami: a bayyana yadda za a ɗauki ma'aikata daga kowace ƙaramar hukuma da kowace al'umma bisa adalci, a kafa hukumar sauraron ƙorafi wadda mai mulki ba zai iya rusa ta da baki ba, a tabbatar da inda albashi zai fito don kada a ba mayunwaci bindiga, a kuma wajabta wa shugaban rundunar ya riƙa bayyana gaban majalisa yana ba da bayani. Sa'an nan su buɗe ƙofa ga jama'a. Sashe na 97 ya halatta wa majalisar jiha ta yi aikinta da wani harshen da ake magana da shi a jihar bayan Turanci, in ta zartar da ƙuduri a kan haka, kuma da za a riƙa sauraron ra'ayin jama'a a Doma da Wamba da Nasarawa Eggon da harshen da mutane ke ciniki da shi a kasuwa, a watsa zaman kasafin kuɗi a rediyo, da manomi da makiyayi da ɗan haya sun ji abin da ake faɗa da sunansu, sun kuma san wanda za su tambaya.

Magabatan da suka biyo Muhammadu Dunama suka kafa garin Lafiya sun raɗa masa suna da abin da ɗan Adam ya fi bukata, Hausawa kuma suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Sandar da ake shigowa da ita a kafaɗa kowace safiyar zama, wadda manyan mutane suke miƙewa dominta, aron ta aka ba su daga hannun mai tura kura da mai tuyar ƙosai da ɗan bangan da ya kwana yana busa usur. Allah ya ba masu riƙe da ita ikon tuna masu ita, ya zaunar da Lafiya da kewayenta lafiya.