Tsohuwar bindiga da sabon harsashi: kama da wane ba wane ba ne

Yau za mu yi magana bisa wani al'amari da ya shafi ma'aikatan da gwamnati ta damƙa wa makami, da masu takardar izinin riƙe ƙaramar bindiga, da kuma iyalan tsofaffin sojoji waɗanda wani lokaci sukan tarar da pistole cikin akwatin gado. Al'amarin kuwa shi ne zaɓen harsashi. Mutane da yawa suna zaton in dai harsashi ya shiga ɗakinsa, bindiga kuma ta rufe, to shi ke nan, nata ne. Wannan zato ya raba waɗansu da yatsu, ya raba waɗansu da ido. Harsasai biyu suna iya zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, amma ƙarfin da ke cikinsu ya bambanta ƙwarai, kuma tsohon ƙarfe ba ya ɗaukar abin da sabo ke ɗauka.

Abin da ke faruwa cikin bindiga

Harsashi kwanso ne na farin ƙarfe ko na tagulla, da albarushi a cikinsa, da ƙwaya a bakinsa. In aka ja kunama sai albarushi ya kama wuta, ya zama iska mai zafi wadda ke neman mafita. Wannan iska ita ce ke tura ƙwaya gaba, amma a lokaci guda tana tura bangon ɗakin harsashi ta kowane gefe, tana kuma tura ƙarfen da ke baya, wajen fuskar mai halbi. Masana suna auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira bar. Bar ɗaya ya yi kusan nauyin kilo ɗaya bisa wurin da tsawonsa da faɗinsa santimeta ɗai-ɗai ne. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 ko sama da haka kaɗan. Harsashin 9 mm Parabellum, wanda sojoji da ƴan sanda na ƙasashe da yawa ke aiki da shi, an yarda masa ya kai bar 2350. To, mai karatu ya duba irin nauyin da ɗan ƙarfen da ke cikin tafin hannunsa yake tarewa duk lokacin da ya yi halbi.

Daga baƙin albarushi zuwa marar hayaƙi

Shekaru ɗaruruwa bindigogin duniya suna aiki da baƙin albarushi, irin wanda mahalbanmu suka sani. A shekara ta 1884 wani masani ɗan Faransa mai suna Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 sojojin Faransa suka samu bindigar Lebel wadda ke aiki da shi. Sabon albarushin ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Bindigogin da aka ƙera kafin wannan canji, kamar pistole mai juyi na sojan Faransa na 1873, an yi su ne bisa gwargwadon baƙin albarushi, da ƙarfe mai taushi in an gwada shi da na yau. Har waɗanda suka biyo baya, irin na 1892 da aka yi ta ƙerawa a Sant Etiyen, wanda hafsoshin Faransa suka riƙa ratayawa a zamanin mulkin mallaka, yanzu sun wuce shekara 100. Tsatsa ta ci waɗansu, waɗansu kuma an yi musu gyaran da ba wanda ya san irinsa.

Misalai uku da ya kamata a sani

Na farko shi ne Webley, pistole mai juyi na sojan Ingila, mai cin harsashin 455. Bayan yaƙin duniya na biyu an sayar da su da yawa a Amurka, inda harsashinsu yake da wuyar samu. Sai ƴan kasuwa suka goge bayan gangar da ke ɗauke da harsasai, don harsashin Amurka 45 ACP ya shiga. Ya kuwa shiga. Amma iyakar harsashin 455 bar 900 ne, shi kuwa 45 ACP yana kai bar 1300. Ashe kowane halbi yana ɗora wa bindigar nauyin da ya wuce ƙa'idarta da kusan rabi, shi ya sa aka sha ganin gangar irin waɗannan bindigogi ta tsage.

Na biyu shi ne Glisenti na 1910, pistolen sojan Italiya. Harsashinsa daidai yake da 9 mm Parabellum wajen tsawo da kauri, sai dai an rage masa albarushi don jikin bindigar ba shi da ƙwari. Wanda bai sani ba zai ɗura mata Parabellum ba tare da wata wahala ba, kuma ba abin da zai gargaɗe shi kafin ya ja kunama.

Na uku shi ne Mauser C96 na Jamus, mai cin harsashin 7,63. A 1930 Rashawa suka ɗauki fasalin wannan harsashi suka yi nasu, 7,62 Tokarev, wanda sau da yawa ya fi shi ƙarfi. Yana shiga cikin tsohuwar Mauser, amma ƙarfen da ke tare ƙulli daga baya yana iya karyewa ya yiwo kan mai halbi.

Akwai masu ƙera makamai da suka hangi wannan haɗari tun da wuri. A 1935, da aka fito da 357 Magnum a Amurka, an ƙara wa kwansonsa tsawon kusan milimeta 3 da gangan, don kada ya shiga bindigogin 38 Special waɗanda ba za su iya ɗaukarsa ba.

Alamar +P

A shekarun 1970 masu yin harsashi a Amurka suka fara buga alamar +P a gindin kwanso da jikin kwali. Ma'anarta matsin wannan harsashi ya wuce na yau da kullum. Ƙungiyarsu mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke yanke iyaka. Ga 9 mm da 45 ACP ƙarin ya kai kusan kashi 10 cikin 100, ga 38 Special kuma ya kusa kashi 18. Kamfanin Smith & Wesson da kansa ya gargaɗi jama'a kada su sa +P cikin matsakaitan bindigoginsa masu juyi da aka ƙera kafin 1958. Akwai kuma alamar +P+, wadda ba ta da wata iyaka da aka yi yarjejeniya a kanta. Haka nan waɗansu ƙasashe sun yi harsasan 9 mm masu ƙarfi na musamman don bindigogi masu aman wuta, kuma a ido ba su da bambanci da na pistole. Ma'aikaci ya lura da wannan, don bindigogi irin MAT 49 da pistole MAC 50 duka 9 mm suke ci, kuma in harsasai suka fita daga kwalinsu suka gauraya, rarrabe su sai gwani.

Tambarin gwaji

A ƙasashen Turai da yawa ba a sayar da bindiga sai an gwada ta. Gidan gwaji na Liyej a Beljik yana aiki tun 1672, na Sant Etiyen tun 1782. Hukumar CIP, wadda ta samo asali a 1914, ita ke daidaita ƙa'ida tsakanin ƙasashen da suka shige ta. Ƙaramar bindiga ana gwada ta da harsashin da ya wuce iyakarta da kashi 30 cikin 100, in ta jure sai a buga mata tambari. Bisa wannan lissafi gwajin Webley 455 zai tsaya bar 1170, ga shi kuwa 45 ACP na yau da kullum ya wuce haka. A lura kuma, tambari shaida ce ta ranar da aka buga shi. Bai san abin da bindiga ta gani ba cikin shekara 80 da suka biyo baya.

Ƙarfe ma yana gajiya

Abin da ke ruɗin mutane shi ne bindiga ba ta cika fashewa a halbin farko ba. Mutum ya gwada sau biyar, sau goma, ya ga lafiya lau, sai ya saki jiki. Alhali kuwa kowane halbi yana miƙe ƙarfe kaɗan, yana buɗe ƴar tsaga wadda ido ba ya gani, kamar yadda waya take karyewa in an yi ta lanƙwasa ta wuri ɗaya. Zafin ƙasarmu kuma yana ƙara wa al'amarin nauyi. Harsashin da ya wuni cikin mota da bazara matsinsa yana hawa, wanda kuma ya shekara da shekaru cikin zafi albarushinsa yana lalacewa.

Alamun da za su sa mutum ya tsaya nan take su ne: kwanso ya kumbura, ko ya tsage, ko ya ƙi fita sai da ƙarfi, ƙara da naushin bindiga su fi yadda aka saba, ganga ta fara rawa a wurinta, tsaga ta bayyana kusa da ɗakin harsashi. In kuma ƙarar ta fito da rauni, kada a sake halbi, don mai yiwuwa ƙwaya ta maƙale cikin bututu, kuma ta biyu in ta same ta can sai bututun ya fashe.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikaci ya yi aiki da harsashin da ɗakin makamai ya ba shi kaɗai. Mai takardar izini ya karanta sunan da aka rubuta a jikin bindiga, ya gwada shi da na gindin kwanso da na kwali, harafi da harafi, don lambar 9 ko 38 ita kaɗai ba ta isa ba. Harsashin da ba a san asalinsa ba, ko wanda wani ya sake ɗurawa da hannu, a nisance shi. Duk tsohuwar bindiga sai mai gyaran makamai ya duba ta tukuna, kuma in maƙerinta bai ce tana ɗaukar +P ba, to ba ta ɗauka.

Iyalan da suka gaji pistole kuwa, kada su gwada shi, kada su bari yara su taɓa shi, don ana iya samun harsashi a ciki. Riƙe makami ba tare da izini ba laifi ne a gaban doka. Su sanar da jandarma ko ƴan sanda mafi kusa, ko hukumar tattara haramtattun makamai da aka kafa a ƙasarmu a 1994, su ne za su zo su ɗauke shi cikin aminci.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa ƴan'uwansa da ba su samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.